Waƙar da Ka Bari a Saman Kwakwa

Abemama, 9 ga Yuni.

Zuwa ga ƙanena Teuea,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ubangiji ya tsare ka daga sanyin Mildura, ya sa albarka a lemon da kake tsinkar wa mutane. Matarka Nei Bwena lafiya lau, 'yan biyunka sun fara haƙori suna cizon kowa. An yi ruwa sau biyu, rijiya ta daina gishiri. Inna ce dai sai a hankali, kuma saboda ita na ɗauki biro, ko da yake rabin maganar ƙorafi ne, kuma da kai nake.

Tun da jirgi ya tafi da kai Inna ta juya wa abinci baya. Ka san idonta ya tafi, tunaninta ma yana zuwa yana komawa. Kifi ta ƙi, gwaza ta ƙi, karewe, ruwan zaƙin nan da maƙwabta ke tara mana daga furen kwakwarsu, ta ce ruwan wanki ne. Kowace safiya nakan zauna kusa da ita ina karanta Zabura, ni da na shekara ashirin da biyu ina wa'azi a majami'ar ƙauyen nan, sai ta ce in rage murya, sauraro take. Na ce sauraron me? Ta ce da can kullum da sassafe Allah yakan gaishe ta daga saman kwakwar gefen ɗakinta, yanzu ya yi shiru, ko laifi ta yi masa. Teuea, waƙar da kake yi a saman bishiyar take nufi, kuma ba zan ɓoye maka ba, kishinka na ji. Kai da sai an ja ka zuwa sujada, ka zauna layin baya kana gyangyaɗi, wai a bakinka ake jin Allah, ni kuma in rage murya. Rabona da irin wannan zafin tun ranar da Baba ya ba ka wuƙarsa ta yankan karewe, ni ya miƙo mini littafin waƙoƙi.

Da na ga hannunta ya koma kamar tsinke, na zaro wuƙar daga inda ka soke ta a rufi. Da shekara hamsin da bakwai da wannan tumbin na hau kwakwar, matakalan da ka sassara duk sun yi mini nisa. Na ɗaure sabon fure, na yanke bakinsa, na rataya ƙoƙo. Amma waƙa kam na ce ba da ni ba, mai wa'azi guda a kan bishiya yana rera waƙar masunta. Na manta dalilin da ya sa masu hawa suke waƙa, wato don masu wanka su san akwai mutum a sama. Rana ta biyar ina sama shiru, ashe maƙwabciyarmu Nei Rereia tana wanka a bakin rijiyarta. Ta ɗaga kai ta kurma ihun da ya tashi aladu. Ta ce ashe malamin wa'azi leƙe ya koma, in ba ni da murya in rataya ƙararrawar majami'a a wuya. Har yau in na tashi wa'azi sai ta gyara zani tana harara ta.

Dole washegari na buɗe baki. Waƙarka na ɗauko, ta tsuntsun da ke komawa gida, baiti ɗayan da na riƙe. Ina cikin yi rana ta fito. Na ga babbar teku ta dama, ruwan tafki ta hagu, ƙasarmu siririya a tsakani kamar igiya, ga hayaƙin kowane gida, ga karewe yana ɗiga cikin ƙoƙo ba wanda ya matse shi. Sau nawa na gaya wa mutane hannun Ubangiji ne ke riƙe da mu, amma ban taɓa ganin ƙanƙantar abin da yake riƙe da shi ba sai ranar. Na daɗe ina kallo. Sannan haushi ya biyo baya, don shekara talatin kana ganin wannan safe da yamma, ba ka taɓa cewa in hau ba.

Na sauko cinyoyina duk sun saɓule, na tarar Inna a zaune ta miƙo hannu. Ta shanye ƙoƙon tas, ta nemi kifi. Ta kama hannuna tana shafawa, ta ce Allah ya gaishe ta yau, ashe Teuea ɗanta ya dawo, sai dai sanyin can ya ɓata masa murya. Ta sa maka albarka doguwa, kaina a ƙarƙashin tafinta. Ta ƙara da cewa in gaya wa yayana ya riƙa fitowa shan iska, karatu ya yi masa yawa. Na buɗe baki zan gyara mata, na kalli ƙoƙon da ba ko ɗigo a ciki, na rufe.

Yau kwana goma sha ɗaya tana ci. Don haka ka rubuto mini sauran baitocin, ta fara tambayar me ya sa nake tsayawa a na farko. In za ka kira waya ka kira Bwena a gidan iyayenta, ta san komai, kada Inna ta ji muryarka daga nesa. Albarkarka kuwa tana wurina, ban yi alkawarin mayarwa ba.

Ka gaishe da kawu Tabwai da ɗansa Tioti da kuke ɗaki ɗaya. Matata Nei Aroita da Bwena da 'yan biyu suna gaishe ka. Inna ba ta aiko da gaisuwa ba, tunda a wurinta kana nan saman kwakwa.

Ni ne yayanka,
Baraniko