Na Kai Garin da Aka Binne Ɗana, Na Dawo Ban Ga Kabarinsa Ba

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma a gida ba wanda zan faɗa wa bai ce na cika naci ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Kada ki sa sunana.

Ɗana ne ya rasu bara a ƙasar da muke maƙwabtaka da ita, a wani gari na bakin teku. Babana nake ce masa, don sunan mahaifina ya ci. Gyaran firji ya koya, ya samu aiki a ɗakin sanyi inda ake ajiye kifi. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin a ce me rai ya yi halinsa. Abokan aikinsa suka yi masa sutura suka kai shi, ni kuwa a waya na ji, ina tsaye ina shanya. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Su biyu Allah Ya ba ni, shi da ƙanwarsa da ke aure a bayan layinmu.

Tun daga ranar ba abin da raina ke so sai in je in tsaya inda yake kwance. Ba wani abu zan yi ba Anti, in gani ne kawai, in san wace ƙasa ce ta rufe min shi. Akwai abokin aikinsa da suke ce wa Dogo, shi ya shiga ramin ya karɓe shi. Ya ce in na zo zai tare ni ya kai ni.

Watan jiya na shirya ni kaɗai, ban gaya wa 'yata ba sai da mota ta tashi, don na san za ta hana. Aka matse mu a bas, buhunan mutane a ƙarƙashin ƙafafuna, har ƙafafun suka kumbura kamar ba nawa ba. Da muka kai kan iyaka aka sauke mu duka, ashe motar ba ta tsallakawa. Kowa ya ɗora kayansa a ka, muka bi layi ta cikin wata rumfa mai shingen ƙarfe, jami'i ya dubi katina na shaida ya dubi fuskata ya miƙo min, muka taka da ƙafa zuwa ɗaya gefen inda wasu motocin ke lodi. Duk wannan na iya, bin mutane na yi ta yi.

Waya ce ta kayar da ni. Mun yi da Dogo cewa in na tsallaka in kira shi ya faɗa min inda zan sauka, don tashar garin ba ɗaya ba ce. Ina zama a mota na danna, shiru. Na sake, shiru. Ashe layinmu ba ya aiki a can. Anti, sau nawa Babana ya ce min in ya tsallaka ba zan same shi ba sai ya canza layi! Ni duk tsammanina wayarsa ce ba ta da kirki, har tsiya nake masa, wai mai gyara firjin mutane ya kasa gyara wayarsa. Sai ya yi ta dariya. Bai taɓa yi min bayani ba, ni ma ban tambaya ba. A cikin motar nan na gane abin da yake nufi, amma hannuna ya ƙi dainawa, na yi ta dannawa ina ɗaga ta wajen taga har caji ya ƙare, ta mutu da lambar Dogo a cikinta.

Da la'asar muka isa. Hayaniya, ƙarnin kifi, ga yaren da ba na ji ko kalma. Na zauna a benci ina duban fuskar duk dogon mutumin da ya gifta, alhali ban taɓa ganin Dogo ba, muryarsa kawai na sani. Shi kuma bawan Allah ashe yana can wata tashar yana jirana. Wata mai sayar da ruwa ta nuna min rumfar caji, amma kafin in gama nune-nune da mai rumfar, direban da ya kawo mu ya yi min alama cewa in zan koma to yanzu ne, ana rufe iyaka da yamma. Tsoro ya kama ni, ban san inda zan kwana ba. Daga bakin tasha, ta tsakanin wasu manyan gine-gine, na hango tekun, fari-fari, ba a ganin ƙarshensa. Iyakar abin da na gani ke nan a garin da ɗana ya yi shekaru. Na zo har ƙofarsa na juya masa baya, na shiga mota.

Yanzu Dogo ya ce ƙarshen watan nan zai bar garin, ya samu aiki a jirgin ruwa. Kuma bai ɓoye min ba, ba a sa wa kabarin alama ba, damina ta bi ta kai, an binne mutane da yawa a layin, shi kansa yana shakka tsakanin wasu kaburbura. In ya tafi ba sauran wanda na sani a can. 'Yata kuwa ta zo ta ɗauke katina ta ɓoye, tana kuka, wai ta rasa yayanta ba za ta rasa uwa a titi ba, ga hawan jinina. Yanzu sai ta kawo abinci ta ajiye ta fita, gaisuwa kawai ke haɗa mu. In koma ne ko in haƙura? Kuma in na je aka nuna min kabarin wani na tsaya ina kuka a kai, me na yi ke nan?

Daga wata uwa

Wa alaikumus salam Mama. Allah Ya jiƙan ɗanki, Ya haskaka makwancinsa.

Ki fara da daina cewa kin juya masa baya. Kin tsallaka iyaka ke kaɗai da ciwo a jiki, ba kowace uwa za ta iya ba. Kuskuren layin waya kullum ana yin sa a bakin iyaka, har masu karatu. Komawar da kika yi ita ce daidai, kwana a tashar da ba kya jin yarenta ya fi ƙarfin mace ita kaɗai.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Mai yiwuwa ba za ki taɓa sanin ainihin kabarin ba, kuma ko kin sani ba lallai nauyin da ke ƙirjinki ya sauka ba. Akwai waɗanda suka je suka dawo da shi yadda suka tafi. Duk da haka buƙatarki ba naci ba ce, buƙatar uwa ce.

'Yarki ba ta kyauta ba da ta ɓoye miki kati, amma ki duba abin da ya kai ta. Ranar da kike danna waya a mota, ita ma tana gida tana kiran taki tana jin shiru, daga ƙasar da ta cinye mata yaya. Ita ma makoki take, kuma ba na jin akwai mai tambayar ta yadda ta kwana.

Ga abin da nake gani. Yau ɗin nan ki kira Dogo, ki roƙe shi ya je maƙabartar tare da mai gadinta da sauran waɗanda suka kai gawar. In bakinsu ya zo ɗaya, su kafa alama su ɗauko miki hoto. In bai zo ɗaya ba, su sa alamar a bakin layin. Ya kuma haɗa ki da wani mai iyali da zai ci gaba da zama a garin. Da haka tafiyarsa ba za ta rufe miki ƙofa ba, ba sai kin yi tsere da ƙarshen wata ba.

Sannan ki kira 'yarki da mijinta ki zaunar da su. Kada ki fara da maganar kati, ki fara da ba ta haƙurin tafiyar da kika yi a ɓoye, ki nemi ɗayansu ya raka ki. Likita ya auna jininki tukuna. A rubuta lambobi a takarda, a tsayar da tashar da za a sauka da gidan da za a kwana tun kafin a tsallaka, a sayi layin can a bakin iyaka. Batun shigar mata maƙabarta kuma ki tambayi malamin da kika yarda da shi. In likita ya hana, ko ba mai rakiya, to Mama ki zauna. Addu'arki daga ɗakinki tana isa gare shi, 'yar da ta rage miki kuma tana buƙatar ki da rai.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi taɓa ni. In aka nuna miki kabarin wani kika tsaya a kai, to kin yi wa ɗan wata uwa addu'a, wadda wataƙila ita ko garin ba za ta taɓa gani ba, naki kuma yana nan kwance kusa da ƙafarki.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya daidaita tsakaninki da 'yarki, Ya ba ki haƙurin abin da ba ya dawowa.