Irin Gobo da Yatsun Baba

Towada, 3 ga Nuwamba, 1968

Zuwa ga Yaya Shigeharu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da matarka Tokiko da jaririya. Kullum da safe Inna tana kunna turare gaban hoton Kaka, tana roƙa muku lafiya a can Brazil. Mun gama haƙar gobo, saiwar nan tamu ta ci da magani, kafin ƙasa ta daskare da sanyi. Saiwar bana ta yi kyau, wata ta kai tsawon hannuna.

Ka ce nonon Tokiko ya kumbura tun da ta haihu, in aiko da irin gobo ta riƙa dafawa tana sha, yadda Inna take yi wa masu jego. Ga shi nan na ƙulle a takarda. Amma akwai abin da Baba ya hana a rubuta maka, ni kuwa zan rubuta.

A watan Yuli fartanya ta sare shi a ƙafa. Ya daka ganyen gobo da gishiri ya ɗaure, yana shan ruwan saiwar safe da yamma, har sati uku. Da na ce mu je asibiti, sai ya ce wai da gobo aka raine ni, yau kuma na yi wayon raina shi, kuma likitan nan ko gashin baki bai tsiro ba. Inna ta ce masa tsoho mai taurin kai, ƙafar tana wari har kyanwa ta daina zama kusa da shi. Ranar da takalmi ya ƙi shiga, ni da Kawu Tomekichi muka ɗora shi a amalanke. Likita ya ce ciwon suga ne ya hana mikin warkewa, ya yanke yatsu biyu. Ya ce da mun ƙara kwana biyar, da daga gwiwa zai yanke.

Yanzu yana dogara sanda. Duk wanda ya zo dubiya, sai ya ce masa ai gobo ne ya ceci sauran ukun. Ba ma yi masa musu.

Wasiƙarka ta yi wata guda a jirgin ruwa, wannan ma haka za ta yi. Ina fata kafin ta iso ka riga ka kai Tokiko wurin likita. In ba ka kai ta ba, ajiye wasiƙar nan ka kai Tokiko, ka dawo ka ƙarasa karatu.

Inna da Kawu Tomekichi suna gaishe ku, a gaida Tokiko da jiki. Baba ya ce a tambaye ka sunan jikarsa, don ba ka rubuto ba.

Ƙanwarka,
Fumie