Mubina Ba Ta Tsallake Aya Ba

Bilki,

Na wuce Gwarzo neman batir, ban tashe ki ba.

Jiya wajen gwajin walimar sauka, da muryar Mubina ta riƙa ɗaukewa a lasifika, shuu ɗin nan yana shigowa, kin ji Baba ya ce aya take tsallakewa, ba za ta yi karatu yau ba. Ni kuma na huce a kanki, na ce ɗalibanki ne suka yar min da makirufo. Ban kyauta ba, ki yi haƙuri.

Bayan asuba na gwada shi, lafiyarsa ƙalau. Ni ne na tura risibar, na'urar da ke karɓar muryar makirufon, ƙarƙashin tebur kusa da wayar janareta, eriyoyinta a kwance. Mubina kuma don kunyar kakanta sai ta juya baya, ta cusa makirufon cikin hijabi, ta damƙe ƙasansa da hannu biyu. To ta nan yake aika murya. Da na riƙe shi haka, ni ma nan take ya ɗauke.

Na ɗora risibar kan tebur, eriya a tsaye, kada kowa ya taɓa. Ki nuna wa Mubina ta fito da makirufon waje, ta riƙe tsakiya, ta fuskanci na'urar.

Kafin ƙarfe goma ki roƙi Inna ta kai ta gaban Baba, ta karanta masa kusa da kunnensa, babu lasifika. In ni na je da bayanin eriya, cewa zai yi 'yata nake karewa.

Shekara shida yarinyar nan tana wanke allo. Ko wasali ba ta tsallake ba, Bilki. Kayana ne suka haɗiye mata.

Haladu