Addu'ar Dattawan Pemba

Zuwa ga Yaya Bimkubwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba kuna lafiya. Jami'a ta tura mu masu neman digiri na uku kamfanoni, mu koyi aiki kafin mu gama. Ni na faɗa kamfanin jiragen kamun kifi a nan Darussalam. Aka ce kowa ya nuna amfanin bincikensa, sai na nuna musu a taswira inda kifaye ke taruwa su zuba ƙwai a bayan tsibirinmu na Pemba. Shugaban kamfanin ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ina jin aiki ya samu.

Ƙaninki,
Shaame

Shaame,

Gaisuwa. Sannu, Dokta mai taswira! Wurin da kakanninmu suka rantse ba a jefa taru, ba a nuna wa baƙo, shi ka ɗauka ka kai kasuwa? Da Baba ya kai ka kana yaro, ka zaci yawon shan iska ne?

Manyan jirage sun zo sun kwashe har ƙwan. Masuntanmu na dawowa da kwando wayam. Dattawa sun ce ɗan gida ne ya nuna hanya, ranar Juma'a za su karanta Halbadiri a kansa, addu'ar nan da ba ta barin mai laifi da rai. Ka san yadda Makame na garinmu ya ƙare da aka karanta masa ita bayan ya sace injin kwalekwale. Baba ne zai ja addu'ar, har ya fara azumi. Tsoro ya hana ni cin abinci.

Yayarka,
Bimkubwa

Yaya,

Ina gaishe ki. Wallahi na ɗauka kare wurin za su yi, haka suka ce. Na yi karatun da ya kamata in daina tsoron irin wannan, amma ban daina ba. Ki gaya wa Baba ni ne. Ba zai ɗaga hannu a kan ɗansa ba. Asabar za mu fita teku, wata biyu, in ban je ba horon ya rushe.

Shaame

Shaame,

Gaisuwa. Na gaya masa. Sai ya ce, "Na riga na yi wa mutane alkawari."

An karanta. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Da ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa yana kuka, ya ce in roƙe ka kada ka hau jirgin nan.

Allah ya tsare.
Bimkubwa