Katin ya ƙone, fitilun suna ci

Yaya Habu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin Aljeriya? Ya Tanti Rabi da yara? Mu nan Magariya lafiya lau, an gama girbin gero, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, sau uku ina yi maka ƙarya a waya. Ordinater ɗin wasan nan, wato kwamfutar da na haɗa, ba ta aiki. Da ka aiko katin hoto da ake saka mata a ciki, ka ja mini kunne in fara sayen regilater mai daidaita wuta, tunda ka san halin wutarmu. Da na je Kano haɗo sauran kayan, sai na ga wani akwatin ordinater mai gilashi da fitilu masu canza launi. Idona ya rufe, na ɗauke shi na bar regilater. Kwana tara kacal muka mora. Ranar Juma'a wuta ta dawo da ƙarfi, sai ƙauri. Katin da ka sha ɗaukar siminti kafin ka saya mini, ya ƙone.

Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. A gaida mutanen gida. Fitilun kuwa har yanzu suna ci. Na lulluɓe su da zanen Inna, na kasa kallonsu.

Ƙanenka,
Laminu