Dunduniyar Hagu

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya yara? Na rubuto ne don na san in na kira ki a waya, "me ka ce?" ce za ta cinye rabin maganar.

Yaya, zan rufe shago. Takalman waje sun cika kasuwa, buhu-buhu ake juye su a ƙasa, a sayar da su arha kamar an tsinto. Wa zai jira in ɗinka masa? Na yi magana da wani zai ɗauki keken ɗinkin. Ni ba ta kaina nake yi ba, ta Dogo nake yi. Tun ba shi da gemu yake yanka mini fata, yau ga shi da mata da 'ya'ya, kuma ba shi da wata sana'ar. Kullum sai na shirya abin da zan gaya masa, in na gan shi sunkuye kan aiki sai bakina ya mutu.

Ita kuwa 'yarki Auta, wadda kika dage sai an kai ta cibiyar koyon sana'a, ta gama ta dawo. Na zaci za ta zauna ta taya ni ɗinki. Da safe sai ta ɗauki kwali da fensir ta tafi bakin asibiti, ta zauna tana kallon ƙafafun mutane. Har maƙwabta sun fara tambayata ko lafiya.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanenki

Zuwa ga Baban Auta,

Na amsa gaisuwa, jiki da sauƙi. Kunnena kuwa ƙalau yake, kai ne kake magana kamar mai tauna allura.

Tun kana ƙarami haka kake, abu ya ɗan yi tsauri sai ka fara naɗe tabarma. Kada ka sayar da keken nan tukuna. Kuma maimakon ka tsaya jin kunyar maƙwabta, ka taɓa zaunar da yarinyar ka tambaye ta me take gani a ƙafafun? Ka yi shekara da shekaru kana kallon takalmi, ita an koya mata ta fara da kallon mai sawa. Ka tambaye ta, sannan ka rubuto mini.

Ka gaida Dogo da iyalinsa.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na tambaye ta, kuma na sha mamaki.

Ta ce masu kawo takalma a buhu suna yi wa mai ƙafa biyu iri ɗaya ne. Amma akwai mai kumburin ƙafa, akwai wanda ya karye aka ɗora ta warke a karkace, akwai wanda aka haifa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Waɗannan ba su da takalmi a kasuwa, ko nawa suka riƙe. Su take zuwa nema.

Na farkon da ta kawo wani malamin makaranta ne, ƙafarsa ta hagu gajera ce tun wani hatsarin mota. Ta tsayar da shi kan kwali ta zana ƙafafunsa, ta riƙa cusa ƙananan katako ƙarƙashin ta hagun har kafaɗunsa suka daidaita. Ita da Dogo suka yi ta liƙa roba kan roba.

Washegari na riga su zuwa. Na tarar da takalman a kan tebur, dunduniyar ɗaya ta ninka ɗaya kauri. Raina ya ɓaci, na ce a shagona za a fitar da wannan abin kunya? Hannuna ne ya riga kaina, Yaya. Na ɗauki wuƙa na fere ta tas, har suka zo daidai, ina ma jin daɗin na rufa wa yarinya asiri.

Da ta shigo ta gani ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko guntun katako ta ɗaura mini a ƙarƙashin ƙafar dama, ta ce, "Baba, don Allah ka je bakin ƙofa ka dawo." Na je na dawo ina ɗingishi, ƙuguna na ƙara. Ta ce, "Haka yake tafiya kullum, daga gida har aji." Dogo ya juya baya wai yana neman almakashi, amma na ga kafaɗunsa na rawa.

Ni na sake dunduniyar da hannuna. Ta tsaya a kaina tana aunawa, ni ina ɗinki, don a ɗinki dai har yanzu ba ta kamo ni ba, ita ma ta faɗa. Malamin ya zo ya sa takalman. Ya fita, ya bi layi har ƙarshe, ya dawo, ya sake komawa. Mu uku muka tsaya a ƙofa muna kallon bayansa a miƙe. Wallahi ban taɓa alfahari da wani aiki kamar wannan ba, kuma ba ni na tsara shi ba.

Mai son sayen keken yana ta aike. Ban ba shi amsa ba, don takalmi ɗaya ba ya riƙe shago.

Ƙanenki

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa. Na karanta wa jikokina wurin katakon, sun yi dariya har da hawaye. Ka gaya wa Auta na sara mata. Amma ka bar ni a tsaye. Shiru ya yi yawa. Ka yi wa Dogo maganar ko ba ka yi ba?

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa, kuma ki yafe jinkiri, aiki ne ya sha kaina. Malamin ya turo mutane, su ma sun turo wasu, yanzu har ma'aikatan asibitin ke kwatanta shagonmu. Na ce wa mai keken ya yi haƙuri.

Maganar Dogo kuwa, shi ya riga ni. Jiya ya biyo ni waje yana sosa ƙeya. Ashe tun farko ya san abin da nake ɓoyewa, ya yi shiru ne don kada ya ƙara mini nauyi. Ya ce, "Maigida, yankan ya fi ƙarfina ni kaɗai. Ƙanen matata na zaune ba aiki, in kawo shi?"

Na ce sai ya tambayi Auta. Ta ce ya zo da shi gobe.

Allah Ya bar zumunci.
Ƙanenki