Gahawar Dieufort

Wilguens, jikana mai kan kwakwa,

Ina gaishe ka da matarka da duk mutanen garinmu Dame-Marie. Akuyata ta haihu, ko kun cinye ta?

Ni lafiya lau a Montréal wajen uwarka, har ƙiba nake yi. Abu ɗaya ne. Ka san tun da muka binne kakanka Dieufort, kowace safiya sai na zuba masa gahawa a ƙasa kafin in kurɓa. To, nan a saman bene muke zaune kamar tantabaru, babu ƙasa. Na zuba a tukunyar fure, furen ya mutu. Uwarka ta ce, "Mama, wannan na uku ke nan fa!"

Yanzu ya daina zuwa mini a mafarki, mutumin da ko kabari bai rufe masa baki ba. Jiya na nemi muryarsa a kaina, ta ƙi zuwa.

Don Allah ka dafa mai ɗaci, ka zuba masa a gindin mangwaron gidanmu. Ka ce ban gudu ba, ɗauko ni aka yi. Ka ɗaga murya, kunnensa na hagu ba ya ji.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka,
Exilia